Awon Hasken Gashin Ciwon Daji da Abin da Ya Rataya a Wuyan Shugabanni

Jawabin da ma'aikacin watsa labarai ya yi wa hakimai da malamansu na ƙasar Bagudo, cikin Masarautar Gwandu

 

Bayan gaisuwa da ladabi, ina neman izini in yi magana a gabanku, ko da ya ke ni ɗanku ne, kuma ni ba likita ba ne. Aikina shi ne in je wurin masu sani in tambaya, sa'an nan in kawo muku abin da na jiwo cikin harshen da talakawanku za su gane. Saƙon yau ya shafi ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, da irin maganinsa da a ke yi da haske a manyan asibitoci, wanda jama'a suka sa wa suna gashi.

Akwai magana iri biyu da kan zo ƙofar hakimi game da wannan magani. Wani ya kan ce, "Ranka ya daɗe, mun kai ta babban asibiti, an ɗauki hoto, an yi mata zane a jiki, aka ce mu jira. Kwana da kwanaki ba a yi mata kome ba, guzuri ya ƙare, muka komo gida." Wani kuma ya kan ce, "An fara yi mata, bayan mako biyu jinin ya tsaya, ta ji sauƙi, ga yankan shinkafa ya zo, sai muka taho." Dukansu biyu ba mugunta ta sa su ba, rashin sani ne. Ba su san cewa gashi lissafi ne ba, wanda a ke yi wa ko wane majinyaci nasa dabam tun kafin a kunna na'ura, kuma lissafin ba ya cika sai an kai ranar ƙarshe. Wannan shi ne abin da na ke so in bayyana, domin ku sami amsar da za ku ba su.

GASHI BA WUTA BA NE

Sunan gashi shi ne ya fara ba mutane tsoro, gama in an ambace shi, abin da ke zuwa zuciya shi ne garwashi da tsire. To, babu wuta cikin wannan aiki ko kaɗan. Wani irin haske ne wanda ido ba ya gani, mai ratsa nama da ƙashi, ɗan'uwan wanda a ke ɗaukar hoton karaya da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano shi a shekarar 1895, kuma ba a daɗe ba likitoci suka lura yana sa ƙari ya motse. Duk hasken da a ke ba mutum daga ranar fari har ranar ƙarshe, in da za a tara shi a mai da shi zafi, ba zai ɗumama wurin da ko kashi 2 cikin 100 na digiri guda ba. Ruwan randa ma ya fi haka sakewa tsakanin asuba da hantsi.

Ga yadda ya ke aiki. Allah ya gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba su ganuwa sai da madubin likita. Ciwon daji shi ne waɗansu daga cikinsu su yi tawaye, su yi ta haihuwa ba tsari, har su zama ƙari. Hasken yana lalata abin da ƙwaya ke haifar wata da shi. Ƙwayoyin lafiya sun fi na daji iya gyara kansu in an ba su hutu, sabo da haka a ke ba da hasken kaɗan kaɗan, yau da gobe, maimakon a juye shi gaba ɗaya.

Amma fa hasken ba ya tambayar ƙwaya ko ta daji ce ko ta lafiya. In ya yi kaɗan, ƙarin ya kan lafa sa'an nan ya komo. In ya yi yawa, ya kan illata hanji ko mafitsara ko laka, illar da ba ta gyaruwa. Tsakanin kaɗan da yawa kuwa hanyar siririya ce ƙwarai. Tun shekarar 1976 hukumar duniya mai kula da awon irin wannan haske ta ba da shawara kada abin da ya shiga ƙari ya kauce wa abin da likita ya rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100.

MUDUN DA A KE AWO DA SHI

Kamar yadda hatsi ke da mudu, haka hasken nan ke da nasa ma'auni. Sunansa gire, an ɗauko shi daga sunan wani masani na Ingila, Louis Gray, aka kuma tabbatar da shi a 1975. Abin da ya ke aunawa shi ne yawan ƙarfin hasken da ya tsaya cikin ko wane kilo na nama.

Mu ƙaddara wata baiwar Allah ce daga Tsamiya aka same ta da ciwon daji na bakin mahaifa. Likita na iya rubuta mata gire 50, a raba shi kashi 25, watau gire 2 ko wace rana, kwana biyar a mako, har mako biyar. Bayan wannan a kan ƙara mata wani gashin daga ciki, inda a ke kai hasken dab da ƙarin na 'yan mintoci sa'an nan a cire. Ku lura da wannan: gire 4 ko 5, in suka sami dukan jikin mutum a lokaci ɗaya ba tare da jinya ba, sun isa su kashe rabin waɗanda suka sama. Ga shi ita za a ba ta ninkin wannan sau goma. Abin da ya mai da shi magani abu biyu ne, an tattara shi a wuri ƙanƙane, an kuma rarraba shi bisa kwanaki. Har wa yau ko wace gaɓa tana da iyakar abin da ta ke iya ɗauka. Laka, alal misali, likitoci ba su so ta wuce wajen gire 45 zuwa 50, don gudun shanyewar jiki.

Na'urorin da ke ba da hasken iri biyu ne. Akwai mai aiki da wani ƙarfe da a ke kira kobal, wadda aka fara jinya da ita a Kanada a 1951, ta kuma iso Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko a 1973. Ƙarfin kobal yana raguwa da rabi cikin ko wace shekara biyar da wata uku, sabo da haka awon da ya ɗauki minti ɗaya sa'ad da ƙarfen ke sabo zai ɗauki minti biyu bayan wannan wa'adi. Ta biyu sunanta linak, an fara jinya da irinta a London a 1953. Ita da wutar lantarki ta ke haifar da hasken, da an kashe ta kuwa babu sauran haske. Ko wace na'ura da halinta, shi ya sa lissafin da aka yi don wata ba ya hawa wata sai an sake shi.

ABIN DA A KE YI CIKIN KWANAKIN JIRA

Yanzu mu koma ga mai ƙorafi na fari, wanda ya ce ba a yi wa matarsa kome ba. Lalle kuwa ana yi, sai dai ba a gabansa ba.

Da farko a kan kwantar da majinyaciya daidai yadda za ta riƙa kwanciya ko wace ranar gashi, a ɗauki hoton da a ke kira siti. Wani Bature na Ingila mai suna Hounsfield ya ƙago wannan na'ura, aka fara ɗaukar majinyaci da ita a 1971. Tana nuna cikin jiki yanki yanki, kamar an yayyanka rogo, kaurin ko wane yanki milimita 2 ko 3, ba tare da an taɓa mutum da wuƙa ba. A nan ne a ke yin zanen nan a fata, domin gobe a san inda za a daidaita jikin.

Sa'an nan likita ya zauna gaban kwamfuta ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana shata iyakar ƙarin, yana kuma shata iyakar mafitsara da hanji da ƙashin ƙugu, kamar yadda a ke shata gona da burtali don kada shanu su shiga shuka. Ya rubuta abin da ƙarin zai samu, da abin da ko wace gaɓa ba za ta wuce ba.

Daga nan aikin ya koma hannun masanin awon haske, wanda shi ba likita ba ne, malamin kimiyya da lissafi ne. Shi ke zaɓen fuskokin da hasken zai shigo. Ba ta hanya ɗaya a ke turo shi ba, ta gaba da baya da gefe da gefe a ke turo shi, ko kuwa na'urar ta riƙa kewaya mutum. Ku dubi ranar kasuwa: ko wace hanya mutane ƙalilan ne bisanta, amma inda hanyoyin suka haɗu nan ne cinkoso. Haka a ke so ƙarin ya zama mahaɗa, naman lafiya kuwa ya zama hanya kurum.

Tambayar da ta rage ita ce mai wuya. In an turo haske kaza ta fuska kaza, nawa ne zai tsaya a ko wane lungu na jikin wannan mata? Babu halin a cusa ma'auni cikin hanjinta a duba. Jiki kuma ba abu guda ba ne: ƙashi yana tare haske da yawa, huhu kusan iska ne, nama yana tsakani. A zamanin da, da hannu a ke wannan lissafi, da taswirorin da aka auna cikin ruwa, a ɗora wannan bisa wannan, ana ƙaddara mutum kamar tulun ruwa ne. Yau kwamfuta ke yi, kuma hanyar da ta fi kusa da gaskiya ita ce wadda zan bayyana yanzu.

YADDA KWAMFUTA KE GWAJI KAFIN A TAƁA MUTUM

Ku da ke zaune bakin Kwara kun riga kun san asalin dabarar. In masunci ya tsaya a Lolo ya jefa sakaina ɗaya cikin kogi, babu mahaluƙin da zai iya faɗin inda za ta tsaya. Tana iya maƙalewa cikin ciyawar gaɓa nan kusa, tana iya sauka bisa yashi, tana iya wucewa har gadar Tuga. Amma in ya jefa dubu goma, ya kuma aje yara a ko wace kwana suna ƙirga abin da ya tsaya wurinsu, to, kafin yamma zai san halin ruwan sarai, ya san inda ya ke ja da inda ya ke zubarwa. Sakaina ɗaya ba ta gaya masa kome, taronsu ke ba da labari.

Hasken gashi haka ya ke. Ba kamar ruwan buta ya ke zuba ba, ɗigo ɗigo ne marasa iyaka, ko wane da tafiyarsa. Ɗigo ɗaya in ya shiga jiki yana iya ratsawa ya fita bai taɓa kome ba, yana iya karo ya kauce ya bar wani kashi na ƙarfinsa a nan, yana kuma iya tsayawa ɗungum. Babu mai sanin abin da ɗigo ɗaya zai yi. Abin da masana suka sani, domin sun auna shi shekara da shekaru, shi ne sau nawa cikin ɗari ko wane ke faruwa cikin ƙashi, ko nama, ko huhu.

Sai kwamfuta ta ɗauki hoton sitin matar nan ta kasa shi ƙananan akwatuna, ko wane bai wuce ƙwayar dawa ba, ta san wanne ne ƙashi, wanne ne nama, wanne ne iska. Sa'an nan ta ƙaddara ɗigo ɗaya ya fito daga bakin na'ura, ta bi shi. A ko wane mataki sai ta jefa ƙuri'a bisa ga awon nan da masana suka yi: zai wuce ne, ko zai kauce, ko zai tsaya? In ya kauce, ina ya nufa, nawa ya bari a baya? Duk abin da ya bari sai ta rubuta shi a littafin wannan akwati, kamar yadda malamin haraji ke rubuta abin da ko wane gida ya biya. In wannan ɗigo ya ƙare sai ta ɗauko wani. Haka za ta yi ta yi har sau miliyan ɗari ko fiye. A ƙarshe ta tara jimlar ko wane akwati, ta fito da taswira mai launi, wadda ke nuna wa likita inda hasken ya taru da inda ya yi ƙaranci. In ya ga hanji zai sami fiye da kima, sai a sake fuskokin a sake gwaji. Duk wannan a jikin hoto a ke yinsa, ita matar tana masauki ba abin da ya taɓa ta.

Wannan lissafi yana da wata ƙa'ida da ya kamata malamai su riƙe: in ana so a rage kuskurensa da rabi, sai an ninka yawan jifa sau huɗu. Shi ya sa ya ke cin lokaci, shi ya sa kuma aka daɗe ba a iya amfani da shi a asibiti ba sai da kwamfutoci suka yi sauri.

Sunan dabarar Monte Kalo. Wani masanin lissafi ɗan asalin ƙasar Polan, Stanislaw Ulam, shi ya faro ta a Amurka a 1946, sa'ad da ya ke murmurewa daga ciwo yana wasan karta shi kaɗai. Ya ga maimakon ya wahala da lissafin sau nawa wasan zai ci, gara ya buga shi sau da yawa ya ƙirga. Shi da abokin aikinsa John von Neumann suka yi amfani da ita a Los Alamos wajen binciken makamin nukiliya, abokan aikinsu kuma suka laƙaba mata sunan wani gari na ƙasar Monako wanda ya shahara da gidan caca. Kada sunan ya ruɗe ku, babu caca cikin aikin. Dabarar da aka haifa don yaƙi ce Allah ya juyar da ita ta zama ta jinya.

Ba ko wane majinyaci a ke yi wa Monte Kalo ba. Akwai waɗansu hanyoyin lissafi na kwamfuta masu sauri, waɗanda su kan wadatar in wurin nama ne kusan iri ɗaya. Inda Monte Kalo ta fi nuna fifiko shi ne inda ƙashi da iska da nama suka cakuɗa, kamar huhu da hanci da maƙogwaro, kuma da ita a kan gwada sauran hanyoyin a ga ko suna faɗin gaskiya.

BA A SAKAR WA NA'URA RAGAMA

Wani cikinku zai ce, in kwamfutar ta yi kuskure fa? Tambaya ce mai kyau, gama an taɓa yi, kuma ba a ɓoye ba.

A ƙasar Panama, tsakanin 2000 da 2001, majinyata 28 sun sami haske fiye da abin da aka rubuta musu, sabo da wata hanya da aka bi wajen shigar da siffar garkuwar da ke tare hasken, wadda ta sa kwamfuta ta ba da lokaci mai tsawo. Waɗansu daga cikinsu sun rasu. Da an sake lissafin da hannu, da an gane tun ranar fari. A wani asibiti kuma na yankin Staffordshire a Ingila, daga 1982 zuwa 1991, mutum wajen 1,000 sun sami ƙasa da abin da ya kamata, domin ma'aikata suna yin wani gyara da hannu alhali kwamfuta ta riga ta yi shi. Na fari yawa ne, na biyu ƙaranci, duka biyun kuwa rashin bincike na biyu ya jawo su.

Sabo da irin wannan, ƙa'idar aikin ita ce ba a yarda da lissafi ɗaya. A kan auna na'urar kanta cikin akwatin ruwa da ma'auni na musamman, a ga ko abin da ta ke fitarwa shi ne abin da kwamfuta ke tsammani. A kan sake lissafin ko wane majinyaci ta wata hanya dabam. Likita ya duba ya sa hannu. A Nijeriya akwai Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke ba da izinin riƙe irin waɗannan na'urori. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya kuma, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 1969 su ke aika wa asibitoci 'yan ƙananan ma'aunai ta gidan waya, a haska su a mayar, a duba ko awon ya yi daidai. Ku da kun san ba a rufe littafin baitulmali sai mai bincike ya bi shi, ba za ku yi mamakin wannan ba. Duk waɗannan matakai suna cikin kwanakin jira.

INDA A KE YIN GASHI

Ba a fara da ɗakin gashi. Majinyaci ya fara zuwa asibitin da ke kusa da shi, daga nan a tura shi Birnin Kebbi, Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, domin sai an ɗebi ɗan nama an duba kafin a tabbatar daji ne. In likita ya ga gashi ya kamata, sashen da ya fi kusa da mu shi ne na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Akwai kuma na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da Zariya, da sabuwar cibiya da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina a 2025. A maƙwabta, Jamhuriyar Nijar ta buɗe wurin gashinta na farko a Yamai a 2021. Masana sun ƙiyasta wajen rabin masu ciwon daji za su bukaci gashi a wani mataki na jinyarsu, wuraren kuwa kun ji ba su da yawa. Don haka wanda ya sami layi ya bar shi, ba lalle ya sake samu da wuri ba.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANKU

Ranku ya daɗe, likita da kwamfuta iyakarsu ƙofar asibiti. Sauran lissafin a garuruwanku ya ke cika ko ya rushe. Ga abin da mu ke roƙo:

1. A zo da wuri. Ƙullutu a nono, zubar jini ga mace ba lokacin al'ada ba ko bayan ta daina, gyambon da ya ƙi warkewa, dishewar murya da ta daɗe, duk a kai asibiti. Ƙari ƙarami yana da iyakar da za a shata. In ya bazu, gashi sai dai ya rage raɗaɗi. Ku sa dagatai da masu unguwa su faɗa, ku kuma roƙi ungozomomi su isar wa mata cikin gida.

2. A yi shirin zama. Wanda za a yi wa gashi ya ƙaddara zai yi wata biyu ko kusa da haka, da mai jinya guda. Dangi su san wanda zai tsare gona da yara tun kafin a tashi. Malamin hakimi ya taimaka a buga waya a tabbatar da rana kafin a hau mota, gama na'ura ta kan tsaya don gyara. A kuma tambayi ofishin jin daɗin majinyata labarin asusun tallafi da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2021 don masu dajin nono, da na bakin mahaifa, da na ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza.

3. A yi haƙuri da kwanakin jira. Yanzu kun san abin da a ke yi cikinsu. In mutum ya tafi ya daɗe, ƙarin ya girma ko jiki ya rame, hoton da aka ɗauka ya tashi daga aiki, sai an faro daga farko.

4. Kada a goge zanen fata, kada a yi tsaga ko sakiya ko ƙaho a wurin, kada a shafa wani magani sai da sanin likita. Da zanen nan a ke haɗa jikin mutum da taswirar kwamfuta.

5. Kada a yanke. Tsayawar jini ko raguwar kumburi alama ce aikin yana ci, ba alamar ƙarewa ba ce. Ƙwayoyin dajin da suka saura su kan ci gaba da haihuwa cikin ko wace ranar da aka tsallake. Ga dajin bakin mahaifa, likitoci suna so a gama kome cikin mako takwas, domin jinkirin da ya wuce haka yana rage sa ran warkewa. In larura ta sa an rasa rana, a gaya wa likita, shi ya san yadda zai cike giɓin.

6. Malamai su tsare takardu. Jiki ba ya manta hasken da ya sha, ko bayan shekaru. In an taɓa yi wa mutum gashi, sabon likita yana bukatar sanin wace gaɓa, gire nawa, kashi nawa, wace shekara. Wannan ya fi shafar mu mazauna iyaka. Mutanen Illo da Ka'oje da Tsamiya suna da dangi a Segbana da Kandi da Malanbil cikin Jamhuriyar Benin, ana kuwa neman magani ta ko wane ɓangare. Takardar da aka rubuta da Faransanci kada a yar da ita don ba a iya karanta ta ba. Gire ɗaya ne a Sakkwato da Yamai da ko ina cikin duniya, likita zai gane lambobin. A ɗauki hotonta da waya, a kuma aje ta asalin inda ruwa da gara ba su kai.

7. A kawar da ƙyama. Wanda aka yi wa gashi ba ya ɗauke da hasken a jikinsa. A ci abinci tare da shi, ya ɗauki jikokinsa, ya shiga sahu. Ciwon daji kuma ba a ɗaukarsa ta zama tare ko cin abinci ƙwarya ɗaya. Gajiya da duhun fata a wurin da aka haska abu ne sananne, a gaya wa likita ya ba da abin da zai sauƙaƙa.

Iyayen ƙasa, warkarwa ta Allah ce, mu namu bin sababi. Amma in magidanci ya zo gabanku gobe yana neman ɗauko iyalinsa daga asibiti don shinkafa ta nuna, kalma ɗaya daga bakin hakimi, da gayya ɗaya da dagaci zai kira a yanke masa gonar, suna iya zama abin da zai cika lissafin da masana suka kwana suna yi. Wannan ba ya cikin ikon likita, yana cikin naku.

In na yi kuskure cikin magana a gafarce ni, ƙuruciya ce. Mai tambaya yana iya yi yanzu, abin da ya fi ƙarfina kuwa zan kai wa likitoci in kawo amsa a rubuce. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa hakimai lafiya da adalci, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.